Wasiƙun yaƙi: abin da ambulan ke faɗa, da waɗanda ba a adana nasu ba

Masu tara kayan gidan waya kashi biyu ne, ko da yake mutane kan ɗauke su abu ɗaya. Akwai mai tara kan sarki, wanda burinsa ya cika kundinsa da jerin hotuna, kowane a gurbinsa. Akwai kuma mai bin tarihin saƙo, wanda in ka miƙa masa kan sarkin da aka ɓamɓare daga jikin takarda ransa zai ɓaci, domin shi ambulan ɗin yake nema gaba ɗayansa: adireshi, hatimin garin da aka jefa wasiƙar, hatiman garuruwan da ta ratsa, kuɗin da aka biya, har da ɗan rubutun da wani akawu ya yi da fensir a gefe. A wurinsa kan sarki shaida ɗaya ne cikin shaidu da yawa, kuma in aka raba shi da sauran ya zama bebe.

Wasiƙun lokacin yaƙi su suka fi jan hankalin irin waɗannan mutane, kuma dalilin a fili yake. A zaman lafiya wasiƙa hanyarta ɗaya take bi, ba ta dawowa da wani labari. Yaƙi kuwa yana toshe hanyoyi, yana nutsar da jirage, yana rufe iyakoki, yana sa gwamnati ta buɗe wasiƙar mutum ta karanta kafin mai ita ya gani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin tabo a jikin ambulan.

Mu mutanen zangon Kumasi wannan fanni ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A Kumasi hedkwatar rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, take a zamanin Turawa, kuma ganuwar da suka gina bayan kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896 tana nan a tsakiyar gari, ta zama gidan tarihin soja. Rundunar kanta daga 'yan sandan da ake kira Hausawa ta samo asali, waɗanda aka tsara a 1879 aka mayar da su cikakkun soja a 1901, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, ko da sojan Bamoshe ne ko Bagurunshe ko Bazabarme. Sunayen barikokin ƙasar nan ma sun isa shaida: Uaddara a Kumasi da El Wak a Akra daga yaƙin Gabashin Afirka suka zo, Kamina a Tamale daga Togo, Burma Camp da Arakan da Myohaung da Kaladan kuwa daga yaƙin Bama. Daga duk waɗannan wurare an rubuto wasiƙu zuwa gida. Abin da ya dame ni shi ne inda wasiƙun suke a yau, da kuma na wa aka adana.

Kafin a kai ga wannan, sai an san yadda ake karanta ambulan. A ɗauki wanda soja ya aiko daga kwarin Kaladan a 1944, lokacin da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma take can. Da wuya ka ga kan sarki a jikinsa, domin soja a fagen daga ba ya biyan kuɗin wasiƙar da za ta bi hanyar ƙasa da ruwa; sai dai ya rubuta "On Active Service" a sama, alamar yana bakin aiki. Hatimin da aka buga ba zai faɗi sunan gari ba. Lamba ce kawai ta gidan wayar soja da kwanan wata, don kada ambulan ya faɗa hannun abokan gaba su gane inda rundunar take. A wani gefe akwai tambarin mai tace wasiƙu, shi ma da lambarsa, a kusa da shi kuma sa hannun hafsan da ya karanta abin da ke ciki. In ka juya baya, wani lokaci za ka tarar da hatimin isowa, kuma tazarar da ke tsakanin kwanakin biyu ita ce tsawon jiran da mutanen gida suka yi.

Abin da ya mai da wannan ilimi shi ne cewa lambobin nan duka suna da ma'ana, amma an ɓoye ta da gangan. Bayan yaƙi sai masu tarawa suka shiga aikin haƙuri na shekaru: suna gwama ambulan da ambulan, suna duba littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, har suka gano cewa lamba kaza a wata kaza tana gari kaza. Gidan wayar soja yana tafiya da rundunarsa, saboda haka lamba ɗaya tana iya zama a Indiya a watan Oktoba, ta koma Bama a Janairu. Wata ƙungiya a Ingila, West Africa Study Circle, tun 1950 take wannan aiki a kan ƙasashenmu, tana buga sakamakonsa a mujallarta Cameo. Ya kamata a yaba musu. Ba don su ba, da yawancin waɗannan lambobi sun zama tawada kawai.

Runduna ta 81 tana da wani abu na daban da ya sa ambulan ɗinta ke burge ni. A Kaladan babu hanyar mota ta kirki, abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima, kaya kuma a ka ake ɗauka. Saƙon gida ma ta sama yake saukowa tare da buhunan shinkafa. Tambarin rundunar baƙin gizo-gizo ne, wato Ananse na tatsuniyar Asante, ɗan'uwan Gizo namu. Na runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Waɗanda suka zaɓi gammo sun san a kan wa nauyin yaƙin yake.

Tarihin bai fara daga Bama ba. Lokacin da Wolseley, kwamandan sojan Ingila, ya shigo Kumasi a Fabrairun 1874, yaƙin da ake kira Sagrenti, Gold Coast ba ta ma da kan sarkin kanta, sai a 1875 aka fitar da na farko mai hoton Sarauniya Biktoriya. Wasiƙun wannan yaƙi da suka rage, na Turawa ne zuwa Ingila. Ƙaramin soja yana da rangwame tun dokar 1795: kwabo ɗaya yake biya, da sharaɗin kwamandansa ya sa hannu a fuskar ambulan, kuma wannan sa hannu shi ne abin da masu tarawa ke fara dubawa. A 1900, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, Asante suka tsare Gwamna Hodgson a cikin ganuwar Kumasi har ya fasa ya fita a ƙarshen Yuni, ya bar Turawa uku da sojan Hausa ɗari da 'yan kai, sai a 15 ga Yuli wani hafsan Ingila, Willcocks, ya iso da taimako. A watannin nan babu gidan waya, masinja ne ke sulalewa cikin daji da 'yar takarda a ɓoye, ransa a hannunsa. Ambulan ɗin wannan zamani, da hatimin garin a tsohon rubutunsa na "Coomassie", suna cikin abin da ake rububi a kasuwar gwanjo.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi abin da ke da nauyi. Sojan Hausa na 1874 da na 1900 a gefen Turawa suke, suka yaƙi mutanen da muke zaune a ƙasarsu yau, waɗanda suka ba kakanninmu masauki. Fararen hula na zango kuma da suka fake a gindin ganuwar, yunwa ta kashe da yawa daga cikinsu. Wannan ba tarihin da za a yi alfahari da shi ido rufe ba ne, ba kuma na ɓoyewa ba ne. Mai tara takardun wannan zamani dole ya iya riƙe duka biyun.

Akwai ma abin da ya girmi waɗannan duka. A ɗakin karatu na sarauta a Kopanhegan akwai tarin takardun Larabci da suka fito daga Kumasi, cikinsu har da wasiƙun da Musulmin garin suka yi musaya da 'yan'uwansu na arewa a farkon ƙarni na 19, kuma masana suna kyautata zaton a yaƙin Katamanso na 1826 aka kwashe su. Ba su da kan sarki, ba su da hatimi, don haka ba sa shiga kundin masu tarawa. Amma sun nuna cewa mutanenmu suna rubuta wasiƙa a garin nan tun kafin a gina gidan waya ko ɗaya. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, tun yana matashi ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban rubuta wasiƙa. Wanda ya ce kakanninmu ba su bar wasiƙa ba saboda jahilci bai san tarihin zango ba.

Inda kuɗi ya fi shiga harkar shi ne Togo ta 1914. Kwanaki kaɗan da fara yaƙin duniya na ɗaya, sojan Gold Coast suka tsallaka iyaka suka shiga Lome, Faransawa kuma suka shigo daga Dahome. Abin da ake nufa shi ne tashar wayar iska ta Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Jamus da jiragen ruwanta. Jamusawa suka rushe ta da hannunsu, suka miƙa wuya a 26 ga Agusta. A wannan yaƙi ne Alhaji Grunshi, sojan rundunar Gold Coast, ya harba harsashin da ake ɗauka shi ne na farko da wani sojan Ingila ya harba a yaƙin gaba ɗaya. Da aka karɓe ƙasar sai aka tarar da kan sarkin Jamus masu hoton jirgin ruwan Kaisa, sarkin Jamus, aka kai su maɗaba'ar mishan ɗin Katolika ta Lome aka buga musu "TOGO Anglo-French Occupation" a kai. Kan sarkin wasu farashin 'yan kaɗan ne aka samu, shi ya sa suka zama abin nema tun a lokacin. Da suka ƙare, a 1915 aka ɗauko kan sarkin Gold Coast aka yi musu irin wannan bugu a Akra, a 1916 kuma aka yi wani a Landan. Bugun Akra da hannu aka jera haruffansa, saboda haka akwai kurakurai, har da wanda harafin farko na kalmar ƙarshe ya faɗi, kuma kuskuren ya fi na daidai tsada nesa ba kusa ba.

Duk inda ɗan layin tawada zai ninka kuɗin takarda, to 'yan jabu sun iso. Kan sarkin Togo na cikin waɗanda aka fi yi wa bugun ƙarya, don haka mai hankali ba ya sayen mai tsada sai da takardar shaida daga ƙwararru, irin kwamitin Royal Philatelic Society da ke Landan. Akwai kuma wani rukuni da ba jabu ba ne amma ba na gaske ba ne sosai: ambulan ɗin da Turawan Lome suka liƙa wa jerin kan sarki reras, fiye da kuɗin da wasiƙar ke buƙata, suka aika wa kansu ko dillalai don riba. Suna da kyan gani, amma masu bin tarihi sun fi daraja ambulan mai datti na ɗan kasuwa wanda ya biya daidai kuɗin da doka ta ce, domin shi ne ya yi aikin da aka yi gidan waya dominsa. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Kada kuma a manta Yendi da Kete Krachi a ɓangaren Jamus suke kafin 1914, sai ƙuri'ar 1956 ta tabbatar da su a Ghana. Fataken goro da na shanu da ke zirga-zirga tsakanin can da Kumasi sun ga canjin tuta da idonsu.

Yaƙin Hitila ya fi kowanne barin tabo. Saƙon ƙasar nan zuwa Ingila a jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster yake tafiya, kuma Jamusawa sun nutsar da su ɗaya bayan ɗaya: Accra a Yulin 1940, Apapa a Nuwamban shekarar, Abosso a Oktoban 1942. Mutane suka koyi rubuta wasiƙa biyu iri ɗaya su aika a jirage daban, ko su sa wa wasiƙunsu lamba don wanda ake aika wa ya gane in wata ta ɓace. Da Italiya ta shiga yaƙin a Yunin 1940 hanyar Bahar Rum ta toshe, sai Afirka ta Yamma ta zama mashiga. Ana kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yau), El Fasher, Khartum har Alƙahira. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kamfanin Pan American ya kafa sansani a Akra a 1941, sojan Amurka suka karɓa daga baya, da nasu gidan wayar mai lamba APO 606. Saboda haka a gari ɗaya, a wata ɗaya, ana iya samun wasiƙa uku da suka bi tsari uku: ta farar hula, ta sojan Ingila, da ta sojan Amurka.

Farar hula ma bai tsira daga tacewa ba. Ana yanka ambulan a gefe, a karanta, a liƙe da takarda mai rubutun "Opened by Examiner", ko a buga tambari mai kusurwa shida da sunan Gold Coast da lambar mai tacewa. Daga baya aka ba kowace ƙasa haruffan sirri a maimakon suna: OO na Gold Coast, PP na Nijeriya, QQ na Saliyo, NN na Gambiya. Abin da ya fi taɓa zango kuwa shi ne iyaka. Daga tsakiyar 1940 zuwa ƙarshen 1942 ƙasashen Faransa da suka kewaye mu, yamma da arewa da gabas, suna bin gwamnatin Vichy, wato ɓangaren da ke ɗasawa da Jamus. Mutumin Aboabo ko Alabar da iyayensa ke Wagadugu ko Dosso ya wayi gari danginsa suna bayan wani shinge. Ambulan ɗin da aka mayar wa mai shi da tambarin cewa an dakatar da hanya, a wurin mai tarawa abu ne mai wuyar samu, a wurin wanda ya rubuta kuwa labarin haihuwa ne ko na rasuwa da bai isa ba.

To, ga inda maganar take. Kimanin mutum 65,000 na Gold Coast suka sa kakin soja a yaƙin duniya na biyu. Hafsoshi da sajan Turawa da ke tare da su 'yan tsiraru ne. Amma ka buɗe kowane kundin gwanjo na wasiƙun rundunar Afirka ta Yamma, yawancin abin da za ka gani daga Bature ne zuwa matarsa ko uwarsa a Ingila. Wasiƙar farabiti zuwa Kumasi ko Bawku ko Nima ita ce ba a cika gani ba.

Dalilan sun haɗu ne suka yi yawa. Sojoji da dama, musamman na arewa, ba su yi boko ba, sai su nemi akawun kamfani ko wani aboki ya rubuta musu, kuma wanda ke faɗa wani na rubutawa, hafsa kuma zai karanta, ba ya sakin zuciyarsa. Gaisuwa ce, da tambayar lafiyar yara, da maganar kuɗin da ake yanka daga albashi ana ba iyali ta ofishin Disi, Baturen gunduma: ya iso ko bai iso ba. Ga shi kuma ƙasar nan ba a saba kai wasiƙa gida-gida ba, sai akwatin gidan waya, saboda haka saƙon talaka ta hannun wani yake bi, Sarkin Zango ko liman ko kantin da wani ɗan'uwa ke aiki. A can za a buɗe, a karanta wa mai ita, a fassara, sau da yawa a gaban jama'a. Da zarar an ji saƙon, takardar ta gama aikinta. Wanda ya iya ajami kuwa yana rubutawa da kansa, amma irin tasa takardar tana farawa da Bisimilla, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda a bar sunan Allah yana yawo a ƙasa ba. Idan ta tsufa sai a ƙona ta ko a binne, don girmamawa. Abin da ya tsira daga wannan sai ya haɗu da damina biyu ta Kumasi, da gara, da gobara, da ambaliya, da tashi daga ɗakin haya zuwa wani. A Ingila kuwa wasiƙar hafsa tana cikin akwati a busasshen ɗaki shekara hamsin, jikoki su kai wa dillali, dillali ya san darajarta.

Sakamakon shi ne tarihin da aka gina daga ambulan ya karkata. Mun san lambar tambarin da wane laftana ya riƙe a wane wata, amma abin da mutumin da ya ɗauki akwatin harsashi a ka ya so a faɗa wa uwarsa, kaɗan ne ya rage. Ba na ɗora laifin a kan masu tarawa, abin da ya zo hannunsu suka adana. Amma duk mai karanta kundinsu ya sani cewa rabin zancen yake ji.

Kuma ba duka suka ɓace ba. Har yanzu a gidajen zango akwai adakar ƙarfe da ba a buɗewa sai ranar rabon gado. A ciki akan tarar da lambobin yabo, littafin sallama daga soja, hoto da jar dara, wani lokaci da 'yan takardu a ɗaure da zare. Lambobin akan ɗauka, hoton akan rataye, takardun kuma wani ya ce, "Hajiya, waɗannan fa?" ta ce, "Tarkacen Baba ne, ku share." In an sami yaro mai sha'awa, sai ya yage kusurwar da ke da kan sarki ya jefar da sauran, yana ganin ya tsinci abin kirki, alhali kan sarkin Sarki Joji na shida mai hoton fadar Gwamna ta Christiansborg a Akra an buga shi da yawan gaske, shi kaɗai bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. Rashin sani ne, kaza ta kwana a kan dami.

Me ke sa ambulan ya yi daraja? Ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da fitowar hatiminsa sarai, da kuma labarin da za a iya tabbatarwa. A wannan na ƙarshe ne muke da abin da babu dillalin da ke da shi. Dillali zai ga suna da lambar soja mai farawa da GC, wato Gold Coast, ya ga hatimi, ya ƙiyasta bataliya. Iyali kuwa sun san wane ne mutumin, daga wane ƙauye ya zo Kumasi, wa ya rubuta masa, wa ya karanta, ya dawo ko bai dawo ba, in ya dawo gadi ya yi ko tuƙi. Sunayen da ke rajistar soja ma sau da yawa ba na yanka ba ne, sunan ƙabila ake liƙa wa mutum, Musa Dagarti ko Ali Moshi, don haka in babu dangin da za su ce wane ne, sunan ba ya kai mai bincike ko'ina. Ranar da ambulan ya bar gidan ba tare da an rubuta wannan ba, ya rasa abin da ba a sake samu.

Game da sayarwa, ba zan ce wa mabuƙaci kada ya sayar da abinsa ba. Amma ya san abu biyu. Na farko, yawancin ambulan ɗin yaƙin duniya na biyu ba dukiya ba ne. Wanda ke jin labarin kan sarkin Togo ya ɗauka kowace tsohuwar takarda za ta sai masa fili zai sha takaici. Na biyu, wanda ya zo har gida yana neman tsofaffin takardu ya fi mai gidan sanin abin da yake nema, don haka kada a sallama a zama ɗaya. A ɗauki hoton gaba da baya da abin da ke ciki, a nemi ra'ayin mutum na biyu. Ra'ayina dai shi ne wasiƙar ajami ko ta Hausar boko daga fagen daga ta fi ƙarfin kasuwa, wurinta gida ne, ko kuwa inda jama'a za su amfana: gidan tarihin soja na Kumasi, ko ma'adanar takardun gwamnati ta PRAAD, ko Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, wadda tun shekarun 1960 take tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami na ƙasar nan.

Mai son shiga harkar a matsayin mai saye kuma, ya koyi tambayoyin da ake yi wa ambulan. Shin hatimin ya hau kan sarki ya sauka a kan takarda, ko kuwa an liƙa kan sarkin ne daga baya? Shin an riga an fitar da wannan kan sarki a ranar da hatimin ya nuna? Kan sarkin harajin yaƙi na 1918, alal misali, ba shi da abin yi a kan wasiƙar 1916. Shin rundunar da aka ambata tana wurin a wannan wata? Runduna ta 82 ba ta isa Indiya ba sai 1944, ita da ta 81 kuma sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Jabu yakan faɗi ne a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa, domin mai yin sa ya iya kwaikwayon tawada amma bai karanta tarihi ba.

Adanawa a yanayinmu tana da nata sharuɗɗa, kuma babban abokin gaba shi ne kyakkyawar niyya. Mun saba kai takarda mai muhimmanci a manne ta cikin roba da zafi, kamar yadda ake yi wa takardar haihuwa. Wannan yana kashe tsohuwar wasiƙa, ba a kuma iya warware shi. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa, allura da ƙusar takarda suna tsatsa, ledar da aka ɗaure tam tana tara gumi har fumfuna ta fito. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa kowace wasiƙa tare da ambulan ɗinta a tsakanin farar takarda mai tsabta, a sa a wuri mai iska, nesa da bango da ƙasa da rana. Bayanin da aka samu daga dattawa a rubuta shi a wata takarda daban, kada a jikin ambulan.

Akwai rukuni na ƙarshe da masu tarawa ba su cika lissafa shi cikin wasiƙun yaƙi ba, ni kuwa ina ganin nasa ne. Mazan jiya da suka dawo a 1945 da 1946 sun tarar da tsadar kaya, babu aiki, kuɗin sallama bai kai abin da suka sa rai ba. Sai suka koma rubutu: koke zuwa ga Disi, zuwa ofishin kula da tsofaffin soja, zuwa ga Gwamna, yawanci ta hannun masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya da kotu. Takardar koke ce suka ɗauka zuwa Christiansborg ranar 28 ga Fabrairun 1948, aka tare su a mararraba, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, abin da ya tayar da tarzomar da ta kai ga kwamitin bincike na Watson da saurin zuwan 'yancin kai. Irin waɗannan koke-koke, da yake ofis aka kai su, fayil ya riƙe su, kuma soja ba ya rubuta wa hukuma ba tare da ya sa lambarsa ba. Iyalin da ke da littafin sallama ko ambulan ɗaya mai wannan lamba suna da abin da za su fara nema da shi a ma'adanar Kumasi ko ta Akra ko ta Tamale.